Waƙa Tana Gyara Al'umma, Ko Dai Roƙo Ne Kawai?

Tambaya: Ni matashi ne a Sakkwato, ina rubuta waƙa, na kuma fara shiga sitidiyo. Iyayena suna cewa mawaƙi ba shi da wani aiki a siyasa sai wasa mai kuɗi da zagin abokin hamayyarsa. Shin da gaske mawaƙa da 'yan wasa suna da tasiri wajen gyaran al'umma? In suna da shi, yaya zan yi waƙar da za ta amfani mutane ba tare da na jefa kaina cikin rigima ba?

Amsa: Ƙanena, iyayenka ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani da idonsu suka faɗa. Sai dai rabin labarin ke nan. Kai ɗan Sakkwato ne, kuma waƙa tana cikin abubuwan da aka kafa garin nan da su.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai, amma makiyayi a ruga da manomi a ƙauye ba Larabci suke ji ba. Saboda su aka yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ana haddacewa, ana rerawa a tsangaya da cikin gidaje. Kafin hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, an yi kusan shekara talatin ana wannan aiki na wa'azi da karantarwa. Abin da aka fi mantawa shi ne bayan an ci nasarar jihadi waƙar ba ta koma yabo zalla ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, gargaɗi ce ga masu riƙe da iko da alƙalai da masu cin haƙƙin talakawa, wato mutanen cikin gida, ba abokan gaba ba. Malam Abdullahi na Gwandu ma, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas har ya tsaya Kano, kuma baitocin da ya yi na kuka da wannan hali suna nan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Saboda haka mawaƙin da ya gaya wa nasa gaskiya ba baƙon abu ya kawo ƙasar nan ba.

Wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne tsarin Nana Asma'u, domin amsar tambayarka ta biyu tana ciki. Ba ta rubuta waƙa ta ajiye ta jira a zo a nema ba. Ta naɗa jajoji, dattawan mata amintattu, ta ba kowace malfa da rawani a matsayin alamar aiki. Jaji za ta taso daga ƙauyensu da ayarin 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su zo su koyi waƙa har su haddace, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Su ne 'Yan Taru. Waƙar gajera ce, harshenta na gida ne, tana da abin da take so a aikata, kamar yadda ake tsarki da salla da kula da mara lafiya, kuma akwai mutum mai rai da ya ɗauke ta ya kai ta ƙofar ɗaki. Asma'u ta rasu a 1864, amma tsarin ya rayu bayanta. Duk waƙar da ta taɓa sauya wani abu, in ka bincika za ka tarar da jajinta. Wadda ba ta da mai ɗauka kuwa, ko ta fi zuma daɗi, sai a saurara a gyaɗa kai a wuce.

Haka abin ya kasance a siyasar jam'iyyu. Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a 1950, ba ta da fada, ba ta da 'yan doka, ba ta da baitulmali. Abin da take da shi shi ne lacca da waƙa. Irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun sa wa ƙuncin talaka suna, haraji da jangali da aikin tilas, ta yadda wanda bai iya karanta jarida ba zai iya rera damuwarsa a bakin kasuwa. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi wa sarakuna da 'yan boko gargaɗi a waƙa kan makomar Arewa. NPC ma, jam'iyyar da take mulkin Arewa a lokacin, ba ta zauna ba, tana da nata mawaƙa, kuma har gobe waƙoƙin da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna suna cikin abin da ya sa matasan da ba su gan shi ba suke jin kamar sun san shi. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san ƙasarsu ta hanyar haddar baiti. A kudu, gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyar wasan Hubert Ogunde yin wasa a 1964 saboda wasa guda, sojoji kuma suka ƙone gidan mawaƙi Fela a Legas a 1977. Gwamnati ba ta tura soja kan abin da ba shi da tasiri.

Amma kada a ruɗe ka da cewa waƙa kaɗai tana kayar da gwamnati ko tana gina asibiti. Aikinta uku ne, kuma ba ƙanana ba ne. Tana sa wa abu suna, har kowa ya riƙa kiransa da kalma ɗaya. Tana nuna wa mai kuka a ɓoye cewa ba shi kaɗai ba ne. Tana kuma sa abin kunya ya zama abin kunya a fili, ko ta cire kunya daga abin da bai kamata a ji kunyarsa ba, kamar kai mace awon ciki ko mayar da yarinya makaranta bayan aure. Dubi yaƙi da shan inna. Bayan turjiyar da aka yi wa rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003, an yi amfani da waƙoƙi da majigi da wasannin rediyo sosai. Sun taimaka, amma sun taimaka ne saboda sarakuna da malamai sun sa baki, mai unguwa yana tafe tare da masu ɗiga maganin, maganin kuma yana cikin akwatin sanyi a ƙofar gida. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa an rabu da asalin ƙwayar cutar a Afirka. Waƙa ta buɗe ƙofa, wasu suka shiga da aikin.

Yanzu ga inda maganar iyayenka take da ƙarfi, wato batun wanda ya biya. Makaɗan fada na da, irin su Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, su ma ubangida gare su. Amma dangantakar ta tsawon rai ce, har ta gado. Ubangida yana ba da gida da gona da doki da sutura, makaɗi kuma ya san tarihin gidan kaka da kakanni, in ya zuga sarki da halin kakansa ya ɗora masa nauyin da dole ya yi ƙoƙarin ɗauka. Ta habaici ma yakan gaya masa abin da bafade ba zai iya ba. Dangantakar mawaƙi da ɗan takara a yau kuwa ta kaka ɗaya ce. Ana kiranka wata biyar kafin zaɓe, a ba ka jerin sunayen da za ka ambata da wanda za ka yi wa zambo, a biya rabi, sauran sai an ci. In an faɗi ba mai ɗaga wayarka. In an ci, sai ka bi layi. Mafi muni, ɗan takaran yana iya sauya sheƙa ya rungumi mutumin da ya sa ka zaga, su zauna kan kujera ɗaya suna dariya, kai kuma muryarka tana nan cikin wayoyin mutane tana zagin wanda ya zama babban baƙo a gidan ubangidanka. Su suna shiryawa, mawaƙi ne ba a yafe wa.

Ban ce kada ka yi waƙar kamfe ba. Sana'a ce, kuma wanda ya ga yadda waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara suka cika tasha da kasuwa a zaɓen 2015 ya san tana motsa jama'a. Abin da nake cewa shi ne ka san wace riga ka sa. In kwangila ce, ka yi ta a matsayin kwangila. A rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu: waƙa nawa, tsawon kowace, wa zai biya sitidiyo da 'yan amshi da mai kiɗa, nawa za a ba da kafin a fara, yaushe za a cika. Kada ka miƙa kammalalliyar waƙa sai an cika kuɗi. Abin da za ka tura a saurara ya zama guntu ne. A kuma rubuta wa ya mallaki waƙar bayan zaɓe, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta tanadi cewa mallaka wa wani aikinka kacokan sai a rubuce. Sannan ka sa sharaɗi guda wanda ba ka janyewa: kana yabon wanda ya ɗauke ka da abin da ya yi ko ya yi alkawari, ba ka taɓa iyayen kowa, ko asalinsa, ko aƙidarsa, ko iyalinsa. Za ka rasa wasu ayyukan saboda wannan sharaɗi, amma shi ne zai bar maka bakin da za ka yi magana da shi gobe.

In kuwa waƙar gyara kake nufi, kuskuren farko da kusan kowa yake yi shi ne faɗin turke, wato batun waƙar ya yi yawa. Sai ka ji waƙa ɗaya ta ɗauko tsaro da tsadar abinci da shaye-shaye da almajiranci da rashin wuta, amshinta kuma shugabanni ku ji tsoron Allah. Ba wanda zai musa, kuma ba wanda zai motsa, domin ba a kira sunan aikin kowa ba. Ɗauki abu ɗaya wanda ido yake gani, kuma akwai ofishin da alhakinsa yake kansa. Misali, a ce famfon burtsatse na unguwarku ya lalace. Kwatanta waccan da wannan:

Famfon bakin kasuwa wata bakwai ba ruwa,
Ɗiyanmu na jan guga an buga ƙararrawa.

A layi biyu an ga wuri, an ji tsawon lokaci, an ga yaron da ya makara makaranta saboda ɗibar ruwa. Kansila ya san da shi ake, shugaban ƙaramar hukuma ya sani, kuma ba a zagi kowa ba. Amma kafin ka ce wata bakwai, je ka tabbatar wata bakwai ɗin ne. Tambayi mai unguwa, tambayi masu kurar ruwa, ɗauki hoto da kwanan wata. In ka ce bakwai alhali huɗu ne, da wannan kuskure kaɗai za a rushe waƙar gaba ɗaya, a ce ɗan adawa ne ya saye ka. Ka kuma san aikin wa ne. Asibitin matakin farko da makarantar firamare da kasuwar ƙauye suna tsakanin ƙaramar hukuma da hukumomin jiha, babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Gusau kuwa ta tarayya ce. Mawaƙin da ya ɗora wa kansila laifin hanyar tarayya ya ba masu laifin gaske mafaka.

Ɗango na ƙarshe ya faɗi abin da kake so mai sauraro ya yi, abu ɗaya mai yiwuwa: a je a karɓi katin zaɓe, a halarci taron iyaye da malamai, a kai yaro rigakafi ranar kaza, a tambayi ɗan takara wannan tambaya in ya zo. Waƙar da ta tayar da hankali ba ta nuna ƙofa ba takan ƙare ne a ɗaya daga biyu, ko mutane su sare, ko yara su ɗauki dutse.

Game da gini, amshi kada ya wuce layi biyu, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: rera wa yaro ɗan shekara bakwai sau uku, in bai iya maimaitawa ba, sake shi. Ɗango huɗu zuwa shida sun isa, minti huɗu zuwa biyar. Waƙar minti goma sha biyar ta zamanin kaset ce. Ka sa amshi ya shigo cikin daƙiƙa ashirin na farko, ka kuma yanke guntu na daƙiƙa talatin zuwa sittin domin TikTok da WhatsApp, wanda zai tsaya da ƙafarsa ko ba a ji sauran ba. Gaya wa mai haɗa sauti ya sauke fiyano da ganga ƙasa da murya, domin yawancin masu sauraronka da ƙaramar waya za su ji, ko da lasifikar mai shayi, kuma in kalma ta nutse cikin kiɗa aikin ya tashi a banza. Fitar da ita a MP3 mara nauyi. A ma'aunin ingancin sauti na 128 kbps, minti ɗaya yana cin kusan megabait ɗaya, ka ga waƙar minti biyar ba za ta gagari mai ƙaramin data ba. Kada kuma ka gudu daga harshenka. In mutanen Gwadabawa da Illela da Wurno kake so su ji da su kake, ka bar Sakkwatancinka, irin su yaz zo da ɗiya, yadda ka tashi da shi. Narambaɗa bai canza harshe ba, kuma har Kano da Zariya ake nazarinsa.

Wata dabara da ta dace da Sakkwato musamman: yi waƙar kashi biyu, ɗaya da kiɗa, ɗaya murya zalla da amshi, irin rerawar rubutacciyar waƙa. Akwai gidaje da makarantun Islamiyya da majalisun dattawa da kiɗa ba ya shiga, kuma sau da yawa su ne masu yanke shawarar ko yarinya za ta ci gaba da karatu. Kafin ka saki, karanta wa malami ɗaya da dattijuwa ɗaya baitocin. Kalmar da kai ba ka ga komai a cikinta ba tana iya zama ita ce za a riƙe.

Sai neman jajoji. Ɗora waƙa a intanet ka zauna kana ƙirga masu kallo ba rarrabawa ba ce. Je rumfunan masu tura waƙa a Babbar Kasuwa da tashoshin mota. Za ka tarar da yaro zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere suna caji, mutum ya miƙo memori ya ce a sa masa sababbi, shi kuma mai rumfa shi yake zaɓar abin da ya ga dama ya zuba. Wannan yaron ya fi wani mai mabiya dubu ɗari amfani a gare ka. Ba shi kyauta, ka roƙe shi ya sa ta cikin sababbi. Haka direbobin da ke bin kasuwannin ƙauye, da masu Keke Napep, da masu shayi, da ƙungiyoyin mata masu adashi. Rediyo har yanzu shi ne sarki a karkara, amma Rima Radio gidan gwamnatin jiha ne, kuma kowane gidan rediyo yana ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, don haka waƙar wayar da kai kan lafiya ko karatu za ta fi samun shiga fiye da wadda ta kama sunan mai mulki. Mafi ƙarfi duka shi ne ka haɗa kai da mutanen da suke bin maganar tun kafin ka zo, kamar ƙungiyar ci gaban unguwa ko kwamitin makaranta, ta yadda ranar da waƙa ta fita su kuma takardar kokensu tana kan teburin wanda abin ya shafa.

Abin da na faɗa kan waƙa ya hau kan 'yan wasan kwaikwayo da masu barkwanci da masu zane. Hasali ma al'adarmu ta daɗe da ba su lasisi: 'yan kama suna kwaikwayon malamai da manya a ba su kyauta, a wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansa, yaran tashe kuma suna fito da halin mai rowa da mai ƙwaɗayi a cikin azumi. Sirrin duka ɗaya ne, ana dukan hali ba a kama suna.

A nan ne maganar kare kai take. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce kamfe yana farawa kwana 150 kafin zaɓe, ya tsaya awa 24 kafin ranar, ta kuma hana kalaman zagi da masu taɓa addini ko ƙabila, da yin kamfe a wuraren ibada. Ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa a kotunan Arewa, ba ƙarar diyya kaɗai ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi kan abin da suka wallafa. Kalma ɗaya ce takan raba mai suka da wanda ake tuhuma. In ka ce an ware kuɗin aiki ba a ga aiki ba, kana da hoto da takarda, ka tsaya kan ƙafarka. In ka ce wane ɓarawo ne, sai ka kawo hujjar da kotu za ta karɓa. Ajiye rubutun waƙarka da hujjojinka a wuri biyu, ka san lauya ɗaya tun kafin ka buƙace shi, kuma kada ka bari wani ya yanka muryarka ya liƙa a kan hoton da ba kai ka zaɓa ba ka yi shiru. Fito ka barranta a ranar.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi. In za ka yi waƙa kan abin da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suke ciki, kuma ya kamata a yi, kada ka ambaci sunan ƙaramin ƙauye tare da cewa sun ƙi biyan kuɗin da aka ɗora musu, ko sun kai rahoto, ko suna da 'yan sa-kai. Kai kana cikin gari, su ne za su kwana a can. Kada ka nuna fuskar wanda aka sako ko matar da aka yi wa ta'asa, ko da sun yarda a lokacin da zuciya take zafi. Sunan ɗan bindiga kuma kada ya shiga amshinka ko da da niyyar tsinuwa ne, domin amshi shi yara suke ɗauka, kuma sunan da yara suke rerawa ya zama kirari. Ka yi waƙar gonar da ba a nome ba, da ɗalibin da makarantarsa ta zama masaukin 'yan gudun hijira, da amaryar da aka kai ba guɗa. In kuɗi ya shigo ta dalilinta, ka faɗa a fili nawa ne da inda aka kai su, tun kafin a tambaye ka.